Bayan Windows 10: Windows 11, ESU ko Linux, wanne ya dace da kwamfutocin ma'aikatarku?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 facin tsaron da ya saba turawa kyauta a Talata ta biyu ta kowane wata. Kwamfuta ba ta mutu a ranar ba. Tana kunnuwa, Word yana buɗewa, firinta tana bugawa, shi ya sa shugabannin ma'aikatu da yawa ba su ɗauki maganar da zafi ba. Abin da ya canza shi ne duk ɓarakar da aka gano daga ranar za ta zauna a buɗe. Kuma da yake Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a mafi yawan gininsu, duk sanda facin Windows 11 ya fito, masu kutse kan zauna su nazarce shi, su gane ramin da aka toshe, sannan su je su tarar da shi a buɗe a Windows 10.

An ga abin da rashin faci ke jawowa a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta soke dubban alƙawuran ganin likita. Facin da zai hana wannan ɓarna ya fito tun watan Maris, waɗanda abin ya shafa ba su saka ba ne kawai. To ina ga wanda facin ma ba zai zo masa ba? A Najeriya akwai kuma maganar doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a, asibiti ne ko makaranta ko ƙaramin banki, alhakin kare su, ta kuma ce a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ma'aikatar da aka shigo mata ta babbar manhajar da maƙerinta ya daina gyarawa za ta sha wuya wajen kare kanta.

Hanyoyin da ke gabanku huɗu ne: ɗora Windows 11 a kan kwamfutocin da kuke da su, biyan kuɗin ƙarin wa'adi da ake kira ESU, sayen wasu kwamfutocin, ko komawa wata babbar manhajar daban, wato Linux da 'yar uwarta ChromeOS Flex. Da wuya a samu ma'aikatar da hanya ɗaya za ta ishe ta. Kwamfutar akanta da ta ɗakin karatu da wadda ke haɗe da na'urar gwajin jini ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka kowacce da hukuncinta.

Ƙidaya kafin komai

Ku buɗe jadawali, kowace kwamfuta layi ɗaya: samfurinta, lambar furosesa, yawan RAM, irin ma'adanarta, matsayin TPM (ɗan guntun tsaro da ke ajiye makullan sirri a cikin kwamfutar), irin lasisin da ke kanta, manhajojin da ake aiki da su a kanta, da na'urorin da ake jona mata. Ginshiƙai biyun ƙarshe su ne ake yawan tsallakewa, kuma su ne ke tsayar da aiki daga baya.

Sharuɗɗan Windows 11 sanannu ne: RAM 4GB, ma'adana 64GB, UEFI mai Secure Boot, TPM 2.0, da furosesa mai bit 64 da ke cikin jerin da Microsoft ya amince da shi. Inda mafi yawan kwamfutocinmu ke faɗuwa shi ne furosesa. A Intel ana farawa daga zubi na 8, a AMD daga Ryzen 2000. Lambar da ke bayan layin ita ke faɗa muku: i5-8250U zubi na 8 ne, ya wuce, i5-7200U kuwa na 7 ne, bai wuce ba. Daga zubi na 10 lambobi biyun farko ake dubawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Kada harafin i7 ya ruɗe ku, i7-6600U ya faɗi duk da sunansa, alhali i3-8130U ya wuce.

TPM kuma sau da yawa yana nan, a kashe yake kawai. Ku danna maɓallin Windows da R, ku rubuta tpm.msc. Idan ta ce ba a samu ba, ku shiga BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, ku nemi PTT a kwamfutar Intel ko fTPM a ta AMD, ku kunna. Sai ku buɗe msinfo32 ku duba layin yanayin BIOS. Idan an rubuta Legacy, an girka Windows ɗin a tsohon tsarin MBR ne, wanda masu gyara suka saba yi don sauri. Ana juya shi zuwa GPT ba tare da goge komai ba da umarnin mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya amsa sai mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan nan take a shiga BIOS a mayar da shi UEFI. Wanda ya manta wannan mataki na ƙarshe zai ga kwamfuta ta ƙi tashi, ya zaci fayilolin sun tafi, alhali suna nan. Wasu tsofaffin HP da Dell suna da TPM 1.2 da ake iya ɗagawa zuwa 2.0, amma in furosesan na zubi na 6 ne wahalar banza ce, don sharaɗi ɗaya aka cika aka bar babban.

Lasisi ma a duba shi tun yanzu. Umarnin slmgr /dlv zai nuna irinsa. Idan kun ga OEM ko RETAIL, to alama ce mai kyau. Idan kun ga VOLUME_KMSCLIENT alhali ma'aikatarku ba ta taɓa sayen lasisin taro ba, to an kunna Windows ɗin ne da manhajar sata. Irin wannan manhaja sai an kashe Defender, mai kare Windows daga mugayen manhajoji, ake saka ta, kuma babu mai iya ba ku tabbacin abin da ta shigo da shi. Kwamfuta irin wannan gogewa ake yi a girka sabuwa, ba a ɗora Windows 11 a kanta yadda take.

Windows 11 a kan kwamfutar da ta cancanta

Ga kwamfutar da ta cika sharuɗɗa kuma lasisinta na gaskiya ne, wannan hanya ita ce gaba da sauran, kuma kyauta ce: Home ta koma Home, Pro ta koma Pro. Ma'aikata Pro take buƙata, don Home ba ta shiga domen (tsarin da ke haɗa asusun kwamfutocin ofis wuri guda), ba ta da Group Policy na saita su gaba ɗaya, kuma ba a iya tafiyar da BitLocker ɗinta, mai kulle bayanan ma'adana, daga wuri guda.

Ribar tsaro ta gaske ce. TPM yana riƙe makullin BitLocker a cikin ƙarfen kwamfutar, ta yadda ɓarawon da ya ɗauke laftof ko ya zare ma'adanarta ba zai karanta komai ba. Secure Boot yana hana muguwar manhaja tashi kafin Windows. Kariyar ƙwaƙwalwa da ake kira Memory Integrity tana hana direban da aka gurɓata shiga zuciyar babbar manhajar, kuma furosesoshin zubi na 8 zuwa sama suna ɗaukar wannan aiki ba tare da nauyi sosai ba. Da yawan waɗannan suna cikin Windows 10, bambancin shi ne a can sai mai kula da kwamfutoci ya tuna ya kunna, a nan kuwa ƙarfen da suke buƙata ya zama sharaɗi.

Maganar saurin aiki kuma a faɗi gaskiya: Windows 11 ita kaɗai ba ta ƙara wa kwamfuta gudu. Tana da abubuwan da ke sauƙaƙa aiki, kamar jera tagogi biyu ko uku a allo ɗaya da danna ɗaya, shafuka a cikin File Explorer, da ciro rubutu daga hoto da Snipping Tool. Amma ma'aikacin da ke jiran minti biyar kafin kwamfutarsa ta gama tashi, matsalarsa ma'adanar HDD mai juyawa ce da RAM 4GB. Adadin 4GB ɗin nan na girkawa ne kawai. Da an buɗe burauza mai shafuka goma da Excel da Teams, sai ta fara numfashi sama-sama. Ku sa 8GB a matsayin mafi ƙanƙanta, 16GB ga akanta da masu zane, da ma'adanar SSD, wadda ta fi HDD sauri, mai 256GB zuwa sama. A kasafin wannan aiki babu kuɗin da ma'aikaci zai ji amfaninsa a jikinsa kamar na SSD.

Girkawa iri biyu ce. Akwai ɗorawa a kai, inda fayiloli da manhajoji da saituna suke zama yadda suke. Tana da sauri, kuma Windows tana ajiye tsohuwar har kwana 10 don a iya komawa. Kwana 10 ba ya isar ma'aikata, don wata matsalar sai ranar haɗa albashi ko rahoton ƙarshen wata take bayyana. Bayan an gama ɗorawa ku ba da umarnin DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, sai wa'adin ya koma kwana 60, kuma ku hana kowa goge fayil ɗin Windows.old da sunan neman fili. Sai kuma gogewa a girka sabuwa. Ta fi cin lokaci saboda sake saka kowace manhaja, amma ita ta dace da kwamfutar da ke da lasisin sata, da wadda ta wuce ta hannun ma'aikata uku ko huɗu, da wadda za a canza wa SSD.

Kowacce kuka zaɓa, tsarin tafiyar ɗaya ne. A kwafe bayanai zuwa wuri biyu, ɗaya a cire shi daga kwamfutar a kulle a durowa, kuma a buɗe wasu fayilolin daga kwafin a tabbatar suna buɗewa. A fara da kwamfuta ɗaya daga kowane sashe, a bar su su yi aiki na mako biyu zuwa wata ɗaya, sannan a bi sauran rukuni-rukuni. A kauce wa makon albashi, lokacin jarabawa da rufe lissafin shekara.

Data da wuta su ne abubuwan da jagororin ƙasashen waje ba sa lissafawa. Fayil ɗin girka Windows 11, wato ISO, ya haura 5GB. Kwamfuta 40 in kowacce ta sauke nata, an tashi da sama da 200GB. A sauke sau ɗaya daga shafin Microsoft, a sa a filash mai 8GB ko fiye, a buɗe setup.exe daga cikin Windows 10. Sai a kunna Delivery Optimization a kan netwok ɗin ofis, don facin da kwamfuta ɗaya ta sauke ta raba wa sauran. A lura da harshen ISO ɗin. Idan Windows ɗin da ke kan kwamfutar na Turancin Ingila ne kuka kawo na Amurka, ko na Faransanci ne kamar yadda yake a ofisoshin Maraɗi da Damagaram kuka kawo na Turanci, zaɓin ajiye manhajoji zai dushe, ba zai dannu ba. Wuta kuwa, kwamfutar tebur sai da UPS mai batir lafiyayye, laftof ta hannu da batirinta ya mutu a ɗauke ta tamkar ta tebur. Ɗaukewar wuta a tsakiyar girka Windows yawanci ana farfaɗowa daga gare ta. Ɗaukewarta a tsakiyar sabunta BIOS kuwa na iya kashe babban allon cikin kwamfutar (motherboard) gaba ɗaya, don haka wannan aikin a yi shi a kan inbata ko janareta da aka tabbatar da mansa.

Abubuwan da ke lalacewa bayan an hau

Na farko kuma mafi ciwo shi ne makullin BitLocker. Daga sigar 24H2 ta Windows 11, idan aka girka sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, Windows kan rufe ma'adanar da kanta, ta ajiye makullin ceto mai lamba 48 a wannan asusun. Idan mai gyara ya shiga da asusunsa, ko ma'aikaci ya shiga da nasa na kashin kansa ya bar aiki daga baya, ranar da aka sabunta BIOS ko aka canza babban allon cikinta, kwamfutar za ta nemi lambar, kuma babu ita a ofis. Babu gwanin da zai buɗe ta. Makullan su tafi Active Directory ko Entra ID, wato rumbun asusun ma'aikatar, in babu su a buga a takarda a sa a sef, kuma a dakatar da BitLocker kafin a taɓa BIOS.

Na biyu, na'urar fotokwafi da ke tura sikanin cikin fayil ɗin kwamfuta, da tsohon akwatin ajiya na NAS. Da yawansu da tsohuwar yarjejeniyar SMB1 suke magana, wadda WannaCry ta bi ta cikinta, ko kuma suna barin shiga ba kalmar sirri. Sigar 24H2 ta Pro ta wajabta sa hannun SMB, ta kuma rufe shigar baƙo. Mai gyara zai ce a kunna SMB1 a huta. Kada ku yarda. A sabunta manhajar cikin na'urar, a buɗe mata asusu mai kalmar sirri, ko a mayar da ita tura sikanin ta imel.

Na uku, tsofaffin manhajoji. Windows 11 ba ta da siga mai bit 32, saboda haka manhajar lissafi ko ta rajistar ɗalibai mai bit 16 da ke tafiya a Windows 10 mai bit 32 ba za ta tashi ba sam. Masu bit 32 na yau da kullum suna aiki. Shafin cikin gida da ba ya buɗewa sai da Internet Explorer ana lallaɓa shi da yanayin IE da ke cikin Edge, wanda Microsoft ya ce zai tallafa aƙalla zuwa 2029. Na'urar ɗaukar zanen yatsa, tsohuwar firinta da ɗan makullin USB na wasu manhajoji kan zo da direban da Memory Integrity ke ƙi. A nemi sabon direba daga maƙerin kafin a yi tunanin kashe kariyar. Sannan Office 2016 da 2019 ma wa'adinsu ya ƙare a wannan rana ta 14 ga Oktoba 2025, don haka wanda ya hau Windows 11 ya bar su ya toshe ƙofa ɗaya ne ya bar ɗaya, kuma fayil ɗin Word ko Excel da aka turo ta imel na cikin hanyoyin da aka fi shigowa ta su. Mafita Microsoft 365, ko Office LTSC 2024 mai tallafi zuwa Oktoba 2029, ko LibreOffice.

Ƙananan abubuwa ma suna cin lokacin ma'aikata in ba a shirya musu ba. Maɓallin Start ya koma tsakiya, ana iya mayar da shi hagu a saituna. Jerin danna dama ya gajarce, riƙe Shift yana fito da cikakken. Masu buga takardun Hausa a sake saka musu allon rubutu na Hausa bayan girka sabuwa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su ɓace musu. Zaman awa ɗaya da kowane rukuni ya wadatar. A kuma sani cewa hawa Windows 11 ba shi ne ƙarshen aiki ba: kowace sigar Pro wata 24 take samun faci, ta Enterprise da Education wata 36. Sigar 23H2 ta Pro ta ƙare tun Nuwamba 2025, wa'adin ta 24H2 kuwa Oktoba 2026 ne.

Tsallake sharuɗɗa

Kowane mai gyara ya san manhajar Rufus na iya haɗa filash da zai girka Windows 11 a kan zubi na 6 ko na 7 ba tare da duba TPM ba. Yana aiki, kuma ga kwamfutar gida shawarar mai ita ce. Ga ma'aikata ban ba da shawararsa ba. Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan kwamfuta ba ta da haƙƙin samun faci. Sabuwar sigar shekara ba ta zuwar mata da kanta, sai an bi ta da hannu, kuma kwamfutar da aka manta za ta zauna a sigar da ta ƙare alhali kowa na ganin sunan Windows 11 a kanta yana zaton lafiya. Sharuɗɗan ma suna iya tsananta: 24H2 ta ƙi tashi gaba ɗaya a tsofaffin furosesoshin da ba su da SSE4.2, irin su Core 2 Duo.

ESU: sayen lokaci

ESU faci ne na tsaro kawai, ba sabon abu, ba taimakon fasaha, kuma sai kwamfutar tana kan sigar 22H2 ta Windows 10. Farashin ma'aikatu dala 61 ne kan kowace kwamfuta a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, ya tsaya a Oktoba 2028. Jimla dala 427 kenan, kuma wanda ya shiga a shekara ta biyu sai ya biya har da ta farko, wato 183. Ofis mai kwamfuta 40 zai biya dala 2,440 a shekarar farko, in ya kai ƙarshe 17,080, kuɗin da ya isa a canza da yawa daga cikin kwamfutocin. An tsara farashin ne don ya kori mutum. Makarantu kuwa nasu daban ne: dala 1, sannan 2, sannan 4, don haka makarantar da ke da lasisin ilimi na Microsoft ba ta da dalilin barin kwamfutocinta ba faci. Tsarin dala 30 na masu kwamfutar gida ba na ma'aikatu ba ne, kuma kwamfutar da ke cikin domen ba ta shigarsa.

Inda ESU ke da amfani shi ne kwamfutoci ƙalilan da ke ɗaure da wani abu: wadda ke tuƙa na'urar asibiti, injin ɗab'i, ko manhajar da mai ita bai fitar da sigar Windows 11 ba. A saya musu shekara ɗaya, a rubuta ranar da za a sauke su, a fara neman kuɗin tun yau, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ba za ta taɓa canzuwa ba a cire ta daga intanet, a ware ta a netwok nata, a toshe ramukan USB ɗin da ba a buƙata. Za ku ji ana ambaton Windows 10 IoT Enterprise LTSC 2021 mai tallafi zuwa Janairu 2032. Lasisinta na na'urori masu aiki guda ne kamar ATM da allon talla, ba na teburin sakatare ba, kuma makullanta masu arha da ake tallatawa a intanet ba abin da ma'aikata za ta dogara da shi ba ne.

Sayen wasu

Sabuwar kwamfuta mai garanti ita ta fi kwanciyar hankali ga masu riƙe da kuɗi da bayanan mutane. A tabbatar da Pro ta zo, don masu arhar kan zo da Home ko babu Windows ma sam. Amma mafi yawan ƙananan ma'aikatu na hannu za su saya, daga titin Beirut a Kano, Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, kuma a nan ake yin asara. Kamfanonin Turai da Amurka sun sauke kwamfutocin da ba su cancanci Windows 11 ba, su ne suka cika kasuwa da araha, wasu ma an riga an girka musu ita ta hanyar tsallake. Ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce. HP EliteBook 840 G3 da G4, Dell Latitude 7480, ThinkPad T470 da OptiPlex 7050 duk zubi na 6 ko na 7 ne. Daga 840 G5, Latitude 7490, T480 da OptiPlex 7060 ake shiga na 8, amma a cikin laftof ɗin nan uku akwai waɗanda aka ƙera da furosesan zubi na 7, don haka lambar furosesa za a karanta a kowace ɗaya. A rubuta ta a takardar oda. A duba ko BIOS na da kalmar sirrin tsohon kamfani, a kuma haɗa ta da intanet a lokacin girkawa a gaban mai sayarwa, don wadda har yanzu ke rajiste a Autopilot (tsarin Microsoft da kamfanoni ke rajistar kwamfutocinsu a ciki) na tsohon mai ita za ta nuna sunan wancan kamfanin ta nemi a shiga da asusunsa. In kuɗi ya kai, zubi na 10 ko na 11 ya fi, domin na 8 ya fara fitowa ne tun 2017.

Linux da ChromeOS Flex

Kwamfutar zubi na 6 mai SSD da RAM 8GB lafiyarta ƙalau, zubar da ita asara ce. A cikin nau'o'in Linux, Ubuntu 24.04 LTS tana samun faci kyauta zuwa 2029, haka Linux Mint 22, wadda fuskarta ta fi kama da abin da mai Windows ya saba. Ba kuɗin lasisi, ba sharaɗin TPM, akwai rufe ma'adana a lokacin girkawa, akwai allon rubutu na Hausa. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta, ɗakin karatu, teburin karɓar baƙi, da duk wanda aikinsa a burauza yake, wannan zaɓi ya fi ESU ta kowace fuska.

Tsadarta a wani wuri take. Microsoft Office na kan kwamfuta ba ya tafiya a Linux, haka CorelDRAW, Photoshop, AutoCAD da QuickBooks na tebur. LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel, amma jadawali mai macro da takarda mai ado da yawa kan karkace, kuma ofishin da kullum ke musayar takardu da ma'aikatun gwamnati ko masu ba da tallafi zai ji wannan. Na'urorin zanen yatsa da wasu firintoci ba su da direba. Sannan masu gyaran da suka iya Linux ba su da yawa a kasuwanninmu. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma daidaituwa da manhajoji na cikin ƙorafin da aka yi. Jandarmomin Faransa kuwa sun zauna a kan tasu sigar Ubuntu, don sun fara canza manhajojin ofis da burauza tun suna kan Windows, sai daga baya suka canza babbar manhajar. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma da LibreOffice ta fara a shirin da ta sanar a 2024 na kwamfutoci kusan 30,000. Wannan jerin ya kamata a kwaikwaya: a saka LibreOffice a Windows na wata biyu ko uku, wanda aikinsa ya tafi daidai shi za a mayar.

ChromeOS Flex ta Google kyauta ce, tana tashi da RAM 4GB da ma'adana 16GB, tana sabunta kanta, kuma da wuya ma'aikaci ya lalata ta. Sai dai kusan komai nata a intanet yake, ba ta ɗaukar manhajojin Android, kuma tafiyar da kwamfutoci da yawa daga wuri guda sai an sayi lasisi. Inda netwok ke yankewa rabin yini, Mint ta fi ta. A duba jerin samfuran da Google ya tabbatar kafin a girka.

Yadda rabon zai kasance

Asibiti, ƙaramin banki da duk ofishin da ke riƙe da bayanan mutane: Windows 11 Pro a kan kwamfutar da ta cancanta da gaske, BitLocker a kunne, ESU na shekara ɗaya ga 'yan kaɗan da ke ɗaure da na'ura. Makaranta: ofishin shugaba da na kuɗi da na jarabawa su hau Windows 11, ɗakin ɗalibai ya koma Mint ko ya shiga ESU na ilimi. Ƙungiya ko ƙaramin kamfani mai kwamfuta goma zuwa ashirin: a ɗaga waɗanda suka cancanta, a sa musu SSD, a sayi na hannu zubi na 8 zuwa sama ga masu buƙatar Excel da CorelDRAW, sauran su koma Linux. A kowanne daga ciki a cire wa ma'aikata ikon admin a asusun aikin yau da kullum, don babbar manhaja ko wace iri ce ba ta hana mai wannan iko saka abin da ya sauko da shi.

Kwamfutocin da za a sauke kuma kada su fita da ma'adanarsu yadda take. Goge fayil ko yin fomat na gaggawa ba ya hana a dawo da bayanai. HDD a bi ta da manhajar da ke rubuta sifili a kan kowane ɓangare, SSD a yi mata Secure Erase daga BIOS ko manhajar maƙerinta, wadda ta ƙi goguwa a zare ta a fasa. A rubuta lambar kowace ma'adana da ranar da aka goge ta da sunan wanda ya yi, a ajiye takardar tare da jadawalin ƙidayar kafin a kai kwamfutocin gwanjo ko a ba da su kyauta.